Ɗigo Ɗaya daga Tabkin Bayan Birni

Mushe Ma'azu ya ce gobe kowa ya zo lakkwal
da abin da aka raina.
Wani ya kawo burodin da ya yi fumfuna,
wani laimar kwaɗi daga gindin turken jaki.
Ni na sauka tabkin bayan Birni,
inda ruwa ya ja baya ya bar kore a kan laka,
na kwalfo gansakuka a kwalbar magani.
Zanena ya jiƙe har gwiwa.
Masu wanki suka ce ƴar Cima ta zare.

Madubin ɗaya ne, mu sittin da huɗu.
Ba ya cin lantarki, rana yake roƙo ta taga.
Kowa ya rufe ido guda, a ƙirga masa goma.

Da layi ya zo kaina, hazo na fara gani,
da gashin idona.
Ya murza kaɗan.
Sai ga zare, ɗaki bayan ɗaki bayan ɗaki,
kamar shagunan Dole kafin a buɗe,
cikin kowane an murɗa koren tsumma
yadda Inna ke murɗa gammo.
Wani mai wutsiya ya ratsa a guje,
bai yi sallama ba.
Aka ce goma. Ban motsa ba.
Sai da Haru ya taka mini dunduniya.

Mushe ya ce: waɗannan ba su da saiwa,
ba su da jijiyar da ke kai ruwa sama
yadda kuka ke yi, ko gawo.
Da duk jiki suke sha.
Shi ya sa ƴan'uwansu na gindin randa
ba sa wuce tsawon farce,
ba su taɓa yi wa kowa inuwa ba.
Amma numfashin da ka ja yanzu, in ji shi,
akwai rabonsu a ciki.

Na biyo ta duwatsu da yamma.
Tun ina ƙarama nake zama a kansu,
ban taɓa duban tabon nan mai toka-toka ba,
wanda Inna ke kira kircin dutse.
Ashe su biyu ne suka haɗa gida:
ɗaya ya yi rumfa ya riƙe raɓa,
ɗaya yana dafa abinci da hasken rana.
Wata tara suna kwance kamar gawa.
Na tsiyaya musu sauran ruwan kwalbar,
na tsuguna ina jira.
Kafin a kira magariba launin ya juya,
kaɗan dai, kamar wanda aka ambaci sunansa cikin barci.

Mu mutanen Damagaram mun san wannan jira.
Mun san jarka ashirin a layin famfo
da bakin famfon a bushe.

A gida Inna tana buɗe tukunyar batso,
kwana uku ke nan da ta rufe ƴaƴan yakuwa.
Warin ya kori kaji.
Na ce: Inna, ba ke kaɗai ke yin daddawar nan ba,
akwai dubu dubu a ciki, ido ba ya kama su,
su ke nunar da ita.
Ta ce: hannuna ne.
Hannun uwata ne kafin nawa.
Na ce har da su.
Ta ce to me ya sa ta Barira ke lalacewa?
Ban da amsa. Ba mu kai wannan shafi ba.

Da asuba ta tashe ni,
ta danƙa mini ƙulli a ganyen kalgo.
Kai wa malaminku ya sa a madubin.
In ya gan su, ya ce ina gaisuwa.
Shekara talatin muna aiki tare,
ko goro ban taɓa ba su ba.